Yadda ake tsara dabbar takarda a kwamfuta, daga zanen ƙashi har takardar koyarwa

Wanda ya iya ninke jirgin ruwa ko tsuntsu da takarda, hannunsa ya riga ya san rabin aikin. Abin da ya rage masa shi ne yadda zai zauna ya ce yau akuya nake so, mai ƙafa huɗu da kai da wutsiya, daga takarda ɗaya murabba'i, ba almakashi ba gam, kuma ya san takardar za ta isa tun bai ninka layi ko ɗaya ba. Wannan fasaha ita ce origami, wadda Japanawa suka yi fice a kanta. Tun farkon shekarun 1990 masu yinta suka fara rubuta manhajojin da ke ɗauke musu lissafi, kuma waɗanda zan ambata a nan duk kyauta ne. Sai dai kowace da aikinta. Wanda ya buɗe su ba bisa tsari ba, kwana zai yi yana jan layi a banza.

Kayan aikin ba su da yawa. Tsohuwar laftof irin ta hannun 'yan Farm Centre ko Beirut Road ta isa, amma ka haɗa da linzamin kwamfuta, don jan layi da yatsa a kan faifan laftof wahala ce. Sai littafin lissafi mai gida-gida, fensir, biro ja da shuɗi, da takardar A4. Ka sauke Oriedita, manhajar jan layukan ninki, da Inkscape, manhajar zane, ranar da kake da wuta da data, domin bayan nan ba sa neman intanet. Oriedita da wata manhaja mai suna Java take aiki, idan ta ƙi buɗewa can za ka fara dubawa. Box Pleating Studio da Origami Simulator kuwa a burauza ake buɗe su.

Ƙashi tukuna, a littafi

Kar ka kunna kwamfutar. Zana dabbar da sanduna, yadda ɗan firamare yake zana mutum: sanda ɗaya gangar jiki, a kanta na gaba sanduna uku, kai da ƙafafun gaba biyu, a kanta na baya wasu uku, wutsiya da ƙafafun baya. Rubuta tsawon kowace sanda da lamba. Mu ɗauki ƙadangare: kai 2, kowace ƙafa 2, gangar jiki 2, wutsiya 4.

Duk abin da manhajojin tsarawa suke yi a kan doka ɗaya ya tsaya, wadda Robert Lang na Amurka da Toshiyuki Meguro na Japan suka yi aiki a kanta a shekarun 1990. Tsinin kowace gaɓa daga wani ɗigo yake fitowa a kan takarda. Ɗauki tsini biyu, ko waɗanne, ka ƙirga tazararsu a jikin ƙashin kana bin sanduna. Tazarar ɗigonsu a kan takarda ba za ta gaza wannan ba. Idan ta fi, ba laifi, ka dai yi asarar takarda. Idan ta gaza, babu ninkin da zai fitar da dabbar, tunda takarda ba ta miƙewa.

Shata murabba'i mai gida 8 tsaye, 8 kwance. A wannan salon na gida-gida, wanda duk layukansa a tsaye suke ko a kwance ko a karkace digiri 45, ga yadda ake auna tazara: ƙirga gidajen da ke tsakanin ɗigo biyu a kwance, ƙirga su a tsaye, ka ɗauki wanda ya fi yawa.

Daga kai zuwa wutsiya 2 da 2 da 4, wato 8. To kai ya zauna a tsakiyar bakin sama, wutsiya a tsakiyar bakin ƙasa, gida 8 cif. Ƙafafun gaba su hau kusurwoyin sama biyu: tsakaninsu da kai gida 4, abin da ake nema ke nan. Saura ƙafafun baya. Kowace tana son gida 6 daga ƙafar gaba, tana kuma son 6 daga wutsiya. Bi bakin hagu da fensir ka gani. Kafin ka yi nisan gida 6 da ƙafar gaba, ka sauko saura gida 2 ka kai ƙasa, a nan kuwa tsakaninka da wutsiya gida 4 ne kawai. Ka hau sama don ka gudu daga wutsiya, ka faɗa wa ƙafar gaba. Ƙadangaren nan ba zai shiga gida 8 ba in an jera shi haka, ko wa ya zo. A gida 12 yana shiga: ƙafafun baya a kusurwoyin ƙasa, wutsiya a tsakaninsu, gida 6 kowane ɓangare, sama kuma fili har ya yi yawa.

Amma mu tsaya a 8 mu sauya dabba. Rage wutsiya ta koma 2, ƙara gangar jiki ta zama 4. Ƙafafu huɗu a kusurwoyi huɗu, kai a tsakiyar sama, wutsiya a tsakiyar ƙasa. Auna kowane biyu: ƙafar gaba da ta baya 2 da 4 da 2, wato 8, takarda ta ba da 8. Kai da wutsiya 8. Wutsiya da ƙafar baya 4. Waɗannan duk sun zauna daram, ba rara ba gibi. Wannan ƙashin akuya ne, ko rago, ko jaki, gwargwadon yadda za ka gyara kai daga baya.

Lura da inda muka ajiye ƙafafu. Gaɓar da ta fito daga kusurwa kwata ɗaya kawai take ci na filin da ta tsakiyar takarda za ta ci, ta bakin takarda kuma rabi. Shi ya sa gaɓar kusurwa take fitowa siririya mai daɗin lanƙwasawa, ta tsakiya kuma take yin kauri. Abin da kake son ya sirance, kai shi kusurwa.

Wace manhaja ce ke ɗaukar wannan lissafin

Gaɓa shida ana iya lissafa su da ka. Ranar da ka tashi yin kunama, mai ƙafa takwas da hannuwa biyu da doguwar wutsiya, ƙirgar ta fi ƙarfin fensir. Nan ne Box Pleating Studio, wadda Mu-Tsun Tsai na Taiwan ya rubuta, take shigowa. Kana zana ƙashin a shafi ɗaya da tsawon kowace sanda, ka koma ɗaya shafin ka tarar kowace gaɓa ta zama fili da za ka ja da linzami ka ajiye inda kake so. Idan biyu suka matsu fiye da yadda doka ta yarda, wurin yana yin ja. Tana buɗewa har a waya. Abin da ba ta yi maka shi ne faɗin wane layi ne zai ninku sama, wanne ƙasa.

TreeMaker ta Robert Lang ita ce babbar yayarsu. Ita da da'ira take aiki maimakon murabba'i, kuma ita ce ke matsa da'irorin da kanta har ta samo jerin da ya fi cin moriyar takarda. Daga takarda mai girma ɗaya, dabbarta takan fi ta gida-gida girma. Kuɗin da za ka biya shi ne ɗigogin suna faɗawa wuraren da ba rabi ba, ba kwata ba, sai ka nemi wata manhajar tasa, ReferenceFinder, ta nuna maka ninki nawa za ka yi kafin ka samo kowane ɗigo. Ra'ayina, mai farawa ya bar TreeMaker sai ya yi dabba biyar ko shida da gida-gida. Gida 8 ninki biyu-biyu ne sau uku, ko a cikin adaidaita sahu ka yi shi.

Jan layuka a Oriedita

Oriedita reshe ce ta Orihime, manhajar da Meguro ya rubuta. Akwai kuma ORIPA ta Jun Mitani na Jami'ar Tsukuba, wadda ta fito a 2005, aikinsu kusan ɗaya. Da ka buɗe za ka ga murabba'i mai baƙin layi, shi ne bakin takarda. Nemi wurin saita gidaje ka sa 8. Launi biyu za ka riƙe: ja ninkin tudu, wanda layinsa yake tasowa wajenka, shuɗi ninkin kwari, wanda layinsa yake nutsewa. Duk layin da za ka ja, fara shi a mahaɗar gida ka ƙare shi a mahaɗar gida, ka bar linzami ya manne da ɗigon da kansa. Layin da ya kauce da ƙwayar gero ido ba ya gani, manhaja tana gani.

Fara da shuɗi ɗaya dogo, daga ɗigon kai zuwa ɗigon wutsiya. Takarda ta rabu biyu, kowane rabi gida 4 a kwance, 8 a tsaye. A rabin hagu, ja jan layi a karkace daga kowace kusurwa ta huɗun zuwa ciki. Na sama biyu za su haɗu a gida 2 daga hagu, gida 2 daga sama. Na ƙasa biyu su haɗu a gida 2 daga hagu, gida 2 daga ƙasa. Haɗa mahaɗun biyu da jan layi a tsaye, tsawonsa gida 4. Abin da ke gabanka yanzu kamar ka leƙo rufin kwano mai gangara huɗu daga sama. Yi irinsa a rabin dama. Ja goma ke nan.

Kunna maɓallin duba kuskure. Manhajar za ta sa alama a mahaɗu huɗun nan, kuma da gaskiyarta. Akwai doka biyu da kowace mahaɗa ta cikin takarda take bi in dai takardar za ta kwanta shafe. Ta Jun Maekawa ta ce yawan tudu da yawan kwari a mahaɗa ɗaya bambancinsu 2 ne, ba ƙari ba ragi. Ta Toshikazu Kawasaki ta ce ka zagaya mahaɗar kana ɗaukar kusurwa ɗaya kana tsallake ɗaya, jimlar waɗanda ka ɗauka digiri 180. Mahaɗarmu tana da ja uku, shuɗi babu, bambanci 3. Ƙara gajeren shuɗi daga mahaɗar sama ya miƙe zuwa bakin sama, gida 2. Yanzu tudu uku, kwari ɗaya. Kusurwoyin kuma 45, 45, 135, 135, ka ɗauki ta farko da ta uku, 180. Alamar ta ɓace. Yi wa sauran ukun, na ƙasa su miƙe zuwa bakin ƙasa. Layi 15 ke nan gaba ɗaya.

Zaɓi zanen duka ka danna Fold. A gefe za ta fito da siffar abin bayan an ninke: doguwar tsiri, faɗinta gida 2, tsawonta 8, kowane kai da tsini uku a jere. Na tsakiya kai ne ko wutsiya, na gefe ƙafafu.

Akwai matsala, kuma gara ka gan ta yanzu. Faɗin jikin gida 2 ne, ƙafa ma 2, to in ka lanƙwaso ƙafar ƙasa a bakin ciki za ta tsaya, akuyar ba ta da abin takawa. Sai an sirantar da jikin ya koma gida 1. A kowane rabi, zagaya da jan layi mai kusurwa huɗu, gida 1 daga bakin rabin ta kowane ɓangare, faɗinsa 2 tsawonsa 6. Duk layin da ya faɗa cikin wannan zagayen ka juya launinsa, ja ya zama shuɗi, shuɗi ya zama ja. Na waje ka bar su yadda suke. Gajeren shuɗin nan rabinsa na ciki ne kawai zai sauya. Sake duba kuskure. In ka ga alama, layi ɗaya ka manta ba ka juya ba, kusan kullum wannan gajeren ne.

Ajiye fayil ɗinka sau biyu: da tsarin Oriedita don ka ci gaba da gyara, da kuma SVG ko FOLD don sauran manhajoji. Ka saba da ajiyewa bayan kowane 'yan layuka, batirin tsohuwar laftof ba ya sallama kafin ya tafi.

Origami Simulator, wadda Amanda Ghassaei ta rubuta a 2017, ita ce mai daɗin kallo. Ka ɗora mata fayil ɗin, ka ja ma'aunin ninki daga 0 zuwa 100, takardar ta tattaru a gabanka kana juya ta ta ko'ina. Launukan da take ganewa su ne waɗannan dai, ja, shuɗi, baƙi. Amma kar ta ruɗe ka. Layukan duka take ninkewa lokaci guda, abin da hannu ba ya yi, kuma takardarta tana ratsa kanta ba ta ce uffan ba. Maganar wane shafi ke kan wane, Oriedita za ka tambaya.

Komawa takarda

Duk manhajojin nan takardar da suke lissafi da ita ba ta da kauri. Taka tana da shi. Takardar A4 mai giram 80 kaurinta kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, jikin akuyarmu kuma bayan sirantawa shafi takwas ne. Wannan ba komai. A gida 32 ne za ka ga ƙafa ta koma kamar itace.

Buɗe SVG ɗin a Inkscape, mai da murabba'in santimita 16 don kowane gida ya zama santimita 2, ka fitar da PDF. A shagon buga takardu ka tsaya a kan mai aikin. Da yawansu sun saba barin firinta ta daidaita zane da girman shafi, sai ka karɓi takarda gidajenta ba santimita 2 ba. Ce masa, "Malam, don Allah a girmansa za ka buga, kar ta rage kar ta ƙara." Ka auna da rula kafin ka biya. In baƙi da fari za a buga, ja da shuɗi duk toka-toka za su fito, to ka bi layukan da biro a gida.

Yanke murabba'in, ninka kowane layi shi kaɗai ka buɗe, kana bi da bayan farce. Sai an gama duka sannan a tattara, daga tsakiya zuwa baki. Da hunturu takarda takan bushe har ta tsage a mahaɗar da layi da yawa suka taru, sai ka shafe ta da tsumma mai ɗan laima kaɗan ka jira minti ɗaya. In za ka yi babba, takardar ruwan ƙasa ta buhun siminti, irin wadda masu tsire suke naɗi da ita, tana jure ninki fiye da A4, in ka samu mai tsabta. Lanƙwasa ƙafafu, karya wuya, fitar da kunne, duk wannan babu manhajar da za ta yi maka.

Zana matakai don wani ya bi

Taswirar layuka masu sana'a ne kawai ke karanta ta. In kana son ɗalibai ko ƙannenka su ninka, sai ka zana mataki-mataki, kuma wannan ya fi duk abin da ya gabata cin lokaci. Alamomin da duniya ke amfani da su daga Akira Yoshizawa suka samo asali a shekarun 1950, Samuel Randlett da Robert Harbin suka ƙara musu. Kwari layi ne mai tsinke-tsinke. Tudu tsinke ɗaya, ɗigo biyu, tsinke ɗaya, ɗigo biyu. Abin da ke ɓoye a ƙarƙashin shafi ɗigo-ɗigo zalla. Kibiya mai cikakken kai tana cewa ninko gaba, mai rabin kai tana cewa ninka baya, mai zobe a tsakiya tana cewa kifa takardar. Kar ka ƙirƙiro naka. Yaron da ya koyi waɗannan a Kano zai karanta zanen ɗan Japan ba tare da ya ji kalma ɗaya ta Japananci ba.

Kafin ka taɓa Inkscape, ninka dabbar daga farko kana ɗaukar hoto da waya a kowane motsi. Ka ajiye wayar a sama sosai, ta kalli takardar kai tsaye. Hotunan nan su ne jerin matakanka, kuma a nan za ka gane inda motsi uku suka cunkushe wuri ɗaya suna neman a raba su.

A Inkscape, fara da yin ma'ajiya a gefen shafi: layin kwari ɗaya, na tudu ɗaya, na ɓoye ɗaya, kibiyoyi duka. Shift da Ctrl da F suna buɗe wurin da ake saita kaurin layi da tsinkensa. Bakin takarda da layin da za a ninka yanzu su yi kauri, tsohon sawun ninki ya zama siriri, kamar kashi ɗaya cikin uku na kaurinsu, kuma ka tsayar da shi kaɗan kafin ya taɓa baki don kar a ɗauke shi bakin wani shafi. Fuskar takarda mai launi ka cika ta da toka-toka mai haske, bayanta fari. Daga nan ba ka sake saita komai, kwafa kawai kake yi daga ma'ajiya.

Zana mataki na 1. Danna Ctrl da D ka kwafe shi, ja kwafin gefe, goge kibiya, gyara siffar ta koma yadda takarda take bayan ninkin, sa sabon layi da sabuwar kibiya. Mataki na 2 ke nan. Kowane hoto aiki biyu yake yi, yana nuna sakamakon na baya, yana ba da umarnin na gaba. Kunna mannewa don kusurwoyi su haɗu, sannan ka yi abin da Oriedita ba za ta yarda da shi ba: ka ɗan zame shafukan da ke kan juna da rabin milimita, na ƙasa ya leƙo. Zanen da ya yi daidai ɗari bisa ɗari yana nuna shafi takwas kamar ɗaya, mai bi ya rasa wanda zai ɗaga. In siffa ta ƙanƙance ka ƙara mata girma, ka sa alamar cewa an matso kusa.

Rubutun ƙarƙashin hoto ya zama gajere: "Ninka ka buɗe." "Tura kusurwar ciki." "Maimaita a baya." Yawancin salon rubutun da ke kwamfuta ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga akwati a wurinsu ko harafin ya fito da wata kama daban. Andika da Charis SIL da Noto Sans suna da su. Wajen fitar da PDF zaɓi a mayar da rubutu zane, ta yadda kwamfutar mai shago ba za ta musanya maka haruffa ba.

Sannan gwaji. Miƙa wa wanda bai taɓa ganin akuyar ba takarda da zanen, ka zauna gefe ka kama bakinka. Zai ɗago ya ce, "Yaya, nan ta ina?" Kar ka amsa, ka dai sa alama a lambar matakin. Duk inda ya tsaya ya juya takarda sau biyu, matakin nan ne zai rabu gida biyu, ko kibiyarsa ta koma inda yatsa zai kama. Gyara, ka ba wani daban, domin na farko ya riga ya san hanya. In za ka tura ta WhatsApp, tura PDF ɗin a matsayin fayil. In ka tura shi a hoto, matsewar da ake yi wa hotuna tana haɗe ɗigo biyun layin tudu har ya koma kamar na kwari.